Layin Ƙarshe a Dutsen Goggo Lanh

Alhamis, 20 ga Yuli, ƙarfe shida na safe

Ni ne Quach Van Luom, shekarata hamsin da uku. Matata Nhan ta sayo littafin nan, ta ce tunda na ƙi magana da mutane in yi da takarda. To, bari in fara da abin da ba mai iya musa mini.

Na bar makaranta a aji uku na sakandare. Ina shekara sha biyar nake dakon buhunan shinkafa a tashar jiragen ruwa ta Khanh Hoi. Na tuƙa keken ɗaukar mutane shekara tara, har gwiwata ta hagu ta koyi sanar da ruwan sama kafin gidan rediyo. Daga nan na yi acaɓa. Turanci a bakin baƙi na tsince shi, a ƙofar babban gidan waya, kalma ɗaya yau, ɗaya gobe. Faransancina ya isa gaisuwa da barkwanci. Yau ina da motoci huɗu masu zagayawa da baƙi a Saigon, kowace da sunana a jikinta da jan fenti. Ina da gida hawa uku. 'Yata Bich ta gama jami'a. Ba uba, ba kawu, ba wani babba a ofis da ya taɓa ɗaga mini waya. Ba wanda ya taimake ni.

Goggo Lanh ta rasu kwana tara da suka wuce. Ba zan rubuta batun ranar Talata ba.

Juma'a, 21 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Na koma aiki. Mata uku daga Faransa. Gidan waya, cocin jan bulo, tsohuwar fada da tankokin yaƙinta, gidan tarihin yaƙi. A gidan waya ɗaya ta shafa katakon benci ta ce kakanta ya yi aiki a nan, na ce ai shi ya sa har yau wasiƙa ke makara. Suka yi dariya. Shekara ashirin ina wannan barkwancin.

A gidan tarihi ina kai su bakin matakala, in ce su ɗauki awa ɗaya da rabi. Ni a ƙarƙashin tsamiya nake jira. Direbana Bay ya dubi ɗan baƙin ƙyallen makoki da ke ƙirjina ya ce in cire kafin baƙi su zaci lambar yabo ce su sara mini. Na ce ya kula da tayarsa ta baya.

Litinin, 24 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Kwana sha huɗu. An yi addu'ar mako a haikali, an ajiye mata shinkafa da shayi. Khiem ne a gaba, ɗanta, wanda duk gidan ke kira Hai, sunan ɗan fari. Ƙanwarsa Cuc a bayansa. Ni a sahu na uku tare da 'ya'yan 'yan'uwa, kamar ranar jana'iza, da suka sa farar rigar 'ya'ya ni kuma aka miƙo mini ɗaurin kai kawai.

Bayan an tashi Khiem ya nuna mana takardar da za a kai wa mai sassaƙa dutsen kabari. Zai fara sara ranar 22 ga Agusta, a kafa dutsen ranar cika kwana arba'in da tara. Sunanta a sama, Quach Thi Lanh. A ƙasa masu kafa dutse: 'ya'ya, Doan Van Khiem da Doan Thi Cuc. Sai jikoki biyar. Sai layin ƙarshe: ɗan yayanta, Luom.

Khiem ya ce, “Yaya Luom, ka ga ba mu manta da kai ba.”

Na ce rubutun ya yi kyau.

Talata, 25 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Bayan jikoki.

Alhamis, 27 ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana

Wani tsoho Ba'amurke ya ɗauki mota ta mako guda, shi kaɗai. Mista Ellis. Baƙar fata ne, dogo, yana dogara sanda. Ba ya son fada ko coci. Wani layi yake nema kusa da tashar jiragen ruwa, inda ya ce akwai mai sayar da miyar kaguwa a gindin wata bishiya. Na ce masa bishiyar da layin da mai miyar duk suna ƙarƙashin gada yanzu. Muka tsaya a kan gadar yana kallon ruwa.

Ya daɗe yana satar kallona ta madubi. Da muka tsaya cin abinci ya tambaye ni daga ina mutanena suke. Na ba shi amsar da nake ba kowa: mahaifiyata 'yar Khmer ce daga Tra Vinh, can mutane duhu ne. Ya dubi gashina, ya ce to.

Na tambaye shi wace shekara ya bar ƙasar nan. Ya ce farkon sittin da takwas. An haife ni a saba'in. Na san bai kai ba, amma sai da na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur. Mutum mai motoci huɗu.

Asabar, 29 ga Yuli, ƙarfe shida na safe

Abin da nake tunawa. Ina shekara biyar, ƙarshen watan huɗu, jirage masu saukar ungulu suna ta wucewa ƙasa-ƙasa. Ana ta raɗe-raɗin cewa sojojin da ke shigowa garin ba za su ƙyale matar da ta haihu da sojan Amurka ba. Goggo Lanh ta zaunar da ni a bakin randa ta aske mini kai ƙwal da rezar aro, ta yanke ni wuri biyu. Ta kwashe gashin ta zuba a murhu. Ta zuba hotuna, da wasiƙu, da wata takarda mai hatimi. Ɗakin ya cika da ƙauri. Ta kama haɓata ta ce daga yau ni ɗan yayanta ne da ya mutu a yaƙi, ta tsinto ni a Tra Vinh, sunana Luom, tsintacce. Ita kuma Goggo ce.

Sau ɗaya na manta, a kasuwa, na kira ta da ɗayan sunan. Ta mare ni a gaban mai kifi har kunnena ya yi kwana biyu yana ƙara. Ban sake mantawa ba. Ni ba a koya mini abu sau biyu.

Bayan shekara biyu ta auri Doan, wanda ya fito daga daji da bindiga da takardar yabo. Bai taɓa duka na ba, bai taɓa tambaya ba. Aka haifi Khiem, aka ce ga Hai.

Litinin, 31 ga Yuli

Kwana ashirin da ɗaya. Ban je ba. Ina da baƙi.

Laraba, 2 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Mista Ellis ya roƙe ni in shiga gidan tarihi da shi saboda matakala. Na riƙe masa hannu. Shekara ashirin ina faɗa wa mutane abin da ke kowane ɗaki daga littafin da na haddace, yau ne na biyu da na taka ciki. Ya tsaya gaban wani hoto, mata da yara a bakin titi, ya cire hula. Ni ina karanta rubutun na'urar kashe gobara.

A filin jirgi ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce da ya bar wani a nan da ya so a ce irina ne. Na ce ya duba fasfo ɗinsa kada ya manta a mota.

Juma'a, 4 ga Agusta, ƙarfe bakwai na yamma

Mun yi faɗa da Nhan a kan miyar kifi da na bari ta huce. Ba a kan miya ba ne. Ita kaɗai ta sani, na gaya mata kafin aure don kada ta ga jariri ta tsorata.

Ta ce, “Baban Bich, kai da kake bayyana wa duniya yaƙin nan da harshe uku, ka kasa gaya wa ƙaninka kalma ɗaya da naka?”

Na ce ban taɓa roƙon kowa komai ba, ba kuma zan fara da yaron da na goya ba. Ta ce ai shi ke nan, in sa a sassaƙa motocin huɗu a kan nawa dutsen, su zo su kunna mini turare.

Lahadi, 6 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na je wurin mai dutse ba da sanin kowa ba. Tsoho ne, ƙurar dutse har cikin girarsa. Dutsen Goggo na jingine a bango, baƙi, an goge shi har na ga fuskata. Takardar Khiem na manne a kai. Na ce akwai gyara a layin ƙarshe. Ya tambaye ni ni wane ne a gidan. Na buɗe baki.

Ya jira. Sannan ya ce shi abin da babban ɗa ya sa wa hannu yake sarawa, domin dutse ba allo ba ne, ba a wankewa. Ya ce ya ga irina da yawa, 'ya'yan wata matar, 'ya'yan waje, masu dawowa daga ƙetare, duk a layin ƙasa suke faɗa. In je in shirya da gida in kawo masa sabuwar takarda kafin ranar ashirin da biyu.

Na ce ni ba irin kowa ba ne. Ya ce haka suke cewa.

Litinin, 7 ga Agusta, ƙarfe uku na yamma

Kwana ashirin da takwas. Na je. Bayan addu'a na ja Khiem shagon kofi na tsallaken titi. Na ce layin ƙarshe bai yi mini ba. Bai yi kamar bai gane ba, wannan na yaba masa. Ashe ya sani. Ya ce tun yana sakandare ya sani, yaran unguwa ba su bar shi bai sani ba.

Ya ce kabarin a gonar dangin babansa yake, gefen babansa. Baffa Sau, ƙanen babansa, yana da rai, shekara tamanin da ɗaya, yana zuwa da lambobinsa a ƙirji. Abin da ta rufe shekara arba'in da takwas, shi ne zai sassaƙa shi a dutse kowa ya karanta? Na ce ita ta rufe, ba ni ba.

Sai ya ajiye cokali. “Yaya Luom, sau nawa kake zuwa gaishe ta? Sau biyu a shekara, da kwalin kek, ka zauna bakin kujera kamar mai jiran mota. Wa ya ɗauke ta zuwa banɗaki wata bakwai? Ɗa ba a dutse ake fara shi ba.”

Na ce ba wanda ya taimake ni da komai a gidan nan. Ya ce ba wannan ya tambaye ni ba.

Talata, 8 ga Agusta

Ruwa tun safe. Gwiwa.

Alhamis, 10 ga Agusta, ƙarfe shida na safe

Bikin sabuwar shekarar da ta wuce na kai mata kek. Kowa ya fita gaishe-gaishe, mu biyu a falo, ta rame har zobenta na yawo a yatsa. Ta ce Doan ya mutu, mai unguwar wancan zamanin ya mutu, ba mai kai kowa ko'ina yanzu. Ta ce, “Ba kowa a gidan. Kira ni da ɗayan sunan, sau ɗaya, in ji.”

Na ce, “Goggo, shayinki zai huce.”

Na rubuta. Ban ce na yi daidai ba, na rubuta kawai.

Asabar, 12 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Ramukan ɓuyar mayaƙa na Cu Chi, da mutum sha biyu daga Ostareliya. Tun ranar Talatar nan Bay nake turawa, yau ba shi da lafiya. Na nuna musu ƙofar ramin da ake rufewa da ganye, wani mai ƙiba ya maƙale, aka yi dariya, aka ɗauki hoto. Na nuna musu tarkuna. Muka zauna a rumfar da ake ba baƙi dafaffen rogo da dakakkiyar gyaɗa da gishiri.

A wannan bencin nake ranar Talata. Wayata ta yi ƙara ƙarfe sha ɗaya da kwata. Cuc ce, ta ce in zo yanzu, ana nemana. Na ce ina da baƙi. Akwai Bay a wurin, akwai mota ta biyu, da na tashi ba wanda zai rasa komai. Na gama rogona. Na kai su wurin harbi. Na mayar da su otal, na buɗe musu ƙofa ɗaya bayan ɗaya, domin ban taɓa barin baƙo a hanya ba, kowa ya san wannan. Na isa ƙarfe huɗu saura. An riga an rufe madubin falo da takarda, kamar yadda ake yi a gidan mutuwa.

Na yi tsammanin za ta jira. Kullum ita ke jira.

Yau wata yarinya cikin baƙin ta tambaye ni ko rogon na da yaji ne.

Litinin, 14 ga Agusta

Kwana talatin da biyar. Sahu na uku.

Laraba, 16 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Cuc ta zo garejina da tsakar rana, da kwanon dafaffen kifi a tukunyar ƙasa, irin na Goggo, mai barkono da yawa. Ta ce Nhan ta ce na zama kamar sandar rake da aka tsotse. Ta zauna a kan taya tana kallona sai da na ci loma uku.

Ta ce akwai abin da Khiem ya hana ta faɗa, amma ita ba a haife ta da murfi ba. Ranar Talata, tun hantsi tsohuwar take tambaya, Hai ya zo? Hai ya zo? Khiem na zaune a bakin gado riƙe da hannunta. Ya sunkuya ya ce, Mama, ga ni nan. Ta buɗe ido ta dube shi sosai.

“Ta ce, ba kai ba.”

Cuc ta ce Khiem bai saki hannun ba har ƙarshe. Bayan nan ya shiga banɗaki ya kunna famfo ya daɗe.

Ta ce, “Yaya, kai ka rasa layi ɗaya a dutse. Shi shekara arba'in da biyar yana amsa sunan da ba nasa ba, a gabana aka karɓe. Ku biyun nan ban san wanda zan fara yi wa kuka ba, ga shi duk kun yi kama da ita wajen taurin kai.”

Na ja kwanon gabana. Na cinye kifin.

Alhamis, 17 ga Agusta

Ba kai ba.

Juma'a, 18 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Watan bakwai na lissafin gargajiya ya kama, an fara jera furannin bikin iyaye a ƙofar haikali. Ja ga mai uwa a raye, fari ga wanda tasa ta mutu. Duk shekarar da na raka su Goggo, matar da ke rabawa takan tambaya, ni kuma in ɗauki fari, tunda a takarda maraya ne ni. A gaban Goggo nake ɗauka. In maƙala a aljihun riga a hankali, in gyara shi, don ta gani. Ita kuma takan ce ya karkace, ta miƙo hannu ta daidaita mini.

Bana farin nawa ne da gaske.

Lahadi, 20 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Na kira Khiem. Ban roƙe shi ba, a rubuta wannan. Na ce gobe ina da magana a gaban teburin da aka ajiye hoton Goggo. Ya ce Baffa Sau zai zo. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na soke baƙin gobe, karo na farko a shekara ashirin. Bay ya tambaya ko in kira likita.

Litinin, 21 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Kwana arba'in da biyu. A gida aka yi, gaban hotonta, wanda take sanye da rigar shuɗi tana hararar mai ɗauka. Mutum kusan ashirin. Da aka jera na fito daga sahu na uku na wuce jikoki na tsaya gaba. Baffa Sau ya tambaya da ƙarfi ina wannan zai je, ai tsintacciyar mage ba ta mage.

Na shirya jawabi a mota, mai kyau, da shekaru da komai. Ko kalma ɗaya ban tuna ba. Na durƙusa, gwiwar ta yi ƙara kowa ya ji. Na dubi hoton.

Na ce, “Mama, na zo. Na makara.”

Muryar da ta fito ba tawa ba ce, ƙarama ce, ta yaron da aka aske wa kai. Ba wanda ya mare ni.

Baffa Sau ya nemi sandarsa ya fita, mutum uku suka bi shi. Cuc tana kuka kamar ana yanka ta. Bich ta dubi uwarta, uwarta ta gyaɗa mata kai. Khiem na tsaye da turaren tsinke uku a hannu, an riga an kunna masa, domin babban ɗa ne ke fara sokawa. Ya tsaya har toka ta zubo masa a yatsa. Sannan ya miƙo mini, bai dube ni ba. Na soka. Ya kunna wasu ya soka a bayana.

Bai ce komai game da takarda ba. Na tsaya cin abinci, na tsaya har aka kwashe kwanuka, bai ce ba. Gobe ƙarfe bakwai tsoho mai dutse zai ɗauki kurfi ya fara sara.

Nhan za ta kai wa Khiem wannan littafin yanzu, ya karanta duka, har wuraren da ban fito da kyau ba. Khiem, ka riƙe Hai, kai ka yi masa aiki wata bakwai, ba na so. Ba na neman gona, ba na neman gida, ba na neman komai na babanka. Duk abin da na mallaka ni na yi wa kaina, wannan ɗaya ne ba zan iya yi da hannuna ba, sai da naka. Ka ɗauki biro. A cire ni daga ƙarƙashin jikoki. A layin 'ya'ya, ko a gabanka ko a bayanka, ka zaɓa. Kada a sa ɗan yayanta, kada a sa ɗan riƙo. A rubuta Quach Van Luom, cikakke, yadda ta raɗa shi a bakin randa, a sara shi da zurfi yadda ruwa ba zai cinye ba. Ɗanta. A rubuta.